Bututun Dalma a Gidanmu na Doka

Ina da cikin fari muka tare a Doka, a farkon shekarun saba'in. Maigidana direba ne a wani ofishin gwamnati, aka ba shi ɗaki biyu a wani tsohon gida da aka gina tun zamanin Turawa. Gidan sashe biyu ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya a gindin gwaiba. Ni da na taso a ƙauyenmu na ƙasar Katsina ina jan guga har hannuna ya yi kanta, sai ga ruwa yana zuwa da murɗawa kawai. Farkon zuwana nakan buɗe shi haka kawai, in tsaya ina kallo.

A ɗaya sashen akwai wata mata Kirista daga kudancin Zariya, kamar yadda ake cewa a lokacin. Ma'aikaciyar jinya ce, mijinta malamin makaranta, 'ya'yansu uku. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ranar da muka sauka ta kawo mini faten acca da zafinsa, ta ce, "Amarya, ci ki ji na garinmu." Tun daga ranar ni Amarya ce a bakinta, ita kuma Yaya nake ce mata.

Da damina ta ja baya, sai muka lura bakin ƙofar gida ya ƙi bushewa. Aka kira mai gyaran famfo, wani dattijo Bazazzagi. Ya tona, ya fito da bututu mai launin toka, ya kankare shi da wuƙa, wurin ya yi ƙyalli kamar azurfa.

"Dalma ce," in ji shi. "Tsohon aiki. Dubi laushinta, da hannu ma sai ta lanƙwashe."

Yaya ta dawo daga aiki ke nan, ko fararen kayanta ba ta cire ba. Ta durƙusa ta duba, ta tambaye shi har ina bututun ya kai. Ya ce daga bakin titi har gindin famfonmu. Sai da ya liƙe wurin ya tafi, sannan ta ja ni inuwa.

Ta ce ta taɓa jinyar 'ya'yan wani mai fasa tsofaffin batiran mota: ciwon ciki ba ya barinsu, ga rashin kuzari, ƙaramin kuma ya yi jinkirin magana. Likita ya ce dalma ce ta taru a jikinsu. Yaya ta ci gaba da cewa, "Ba ta da ɗanɗano, ba ta canza launin ruwa. Kaɗan-kaɗan take shiga. Yara da masu ciki ta fi yi wa illa." Ta dubi cikina.

Na ce, "To Yaya, sai in riƙa tafasawa."

"Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, ba ta fitar da wannan. Ruwan da ya kwana a bututu shi ya fi ɗauka. Shi za mu daina sha."

Haka muka sake tsarin safiyarmu. Ina idar da sallar asuba zan ji ta fito da bahonta. Mu buɗe famfo mu tari ruwan farko, wannan na wanki ne da wanke tsakar gida. Ita takan sa bayan hannunta a ƙarƙashi, sai ta ji ya yi sanyi sosai ta ce, "Yauwa, na titi ya iso." Sannan a cika randuna da tukwanen girki. Kafin nan mun yi hira iya hira. A nan ta koya mini lissafin watannin ciki, ni kuma na koya mata dambun zogale. Wani lokacin tana wanki tana rera waƙar coci da harshensu, a hankali, ina jin daɗinta ko da ban san ma'anarta ba.

Duk da haka hankalinta bai kwanta da ni ba. Makarantar mijinta tana Unguwar Shanu, kuma sabon famfo gare su. Kullum ya tashi daga aiki sai ya ɗauro garwar ruwa a bayan kekensa, ya ajiye a ƙofata, rabin wandonsa a jiƙe. In na yi godiya sai ya ce, "Ba naki ba ne, na baƙon da ke tafe ne."

Mazajenmu suka yi ta zarya a ofishin da ke kula da gidajen, yau a ce gobe. Daga ƙarshe aka ba su bututun ƙarfe, aka ce su nemi masu haƙa. Wata Asabar su biyun suka tuɓe riguna, da wasu leburori Zamfarawa da ke aiki a bayan layinmu, suka tsaga tsakar gidan, suka cire tsohon bututun suka sa sabon. Mu kuma muka ɗora babbar tukunya ta shinkafa da wake. Yaran Yaya suka fara wasa da guntayen dalmar, ta kwashe tas, ta sa su wanke hannu da sabulu. Wani masunci ya zo ya tafi da ita, wai zai ɗaura wa komarsa. Mai gyaran ya leƙa maƙwabta ya gwada nasu da wuƙa; wasu suka canza, wasu suka ce sun sha shekara da shekaru ba abin da ya same su.

Na haifi ɗa namiji lafiyayye. Uwata ba ta samu zuwa da wuri ba, Yaya ce ta yi masa wankan farko, ita ta riƙa dafa mini ruwan jego kafin ta wuce aiki.

Yaron bai fara tafiya ba aka yi wa mijin Yaya canjin wurin aiki zuwa Jos. Ranar da motar kaya ta zo, ta goya yaron ta yi ta kai da kawo da shi, tana ba da umarnin inda za a sa kujeru. Sai da direba ya tayar da mota ta kwance shi ta miƙo mini. Ta ce za ta zo da Kirsimeti. Mu ma bayan shekara aka mai da mu Kano, ba mu sake haɗuwa ba. Yanzu ɗan nan nawa har ya yi furfura, kuma ya sha tambayata kamanninta. Ko hotonta ba ni da shi.