Labbo, akawun da aka kora don ya gano ruwan da aka ƙara mana

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Maris 2007, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Labbo Anwar a gidansa na Birnin Konni, bayan jinyar wata biyu. Ya bar matarsa Mairo da 'ya'ya biyar.

Labbo, na so in rubuta maka da sanyin rai, amma abin da na ji a zaman makokinka ya hana ni.

Shekara goma sha ɗaya kana akawu a bankin da ya ba mu bashin gina gida. Mu ashirin da uku muka ajiye takardun filayenmu jingina, malaman lakwal, wato makarantar boko, masu motoci, 'yan kasuwa, daga Konni har Illela. A takardar da muka sa wa hannu, ruwan bashin tara ne bisa ɗari. A na'urar banki wani ya buga sha biyu. Shekara uku ana yankar mu ba wanda ya lura, har ni da nake koyar da lissafi a Tsarnawa. Kai ka gano. Ka kai wa darakta, ya ce ka ja bakinka ka yi shiru. Sai ka hau tsohon babur ɗinka ka bi mu gida-gida. Ka same ni a ƙofar gida ina shan fura, ka ƙi zama, ka kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ka ce, "Mushe Maman, ɗauko takardakka mu diba, ana cin ka ba ka sani ba." A kan gwiwarka ka yi mini lissafin da jan biro. Da na sa hannu aljihu zan ba ka na mai, ka harare ni sai da na ji kunya.

Kai ka rubuta mana takardar koke, ka nuna mana inda za mu kai ta a Yamai. Bayan wata bakwai ana kai-kawo aka maido wa kowa kuɗinsa. Mako guda da haka aka kore ka, wai ka saci takardun banki. Aka riƙe hakkinka na aiki gaba ɗaya.

Abu ɗaya ka nema a wurinmu: mutum uku su tsaya gaban alƙali su shaida cewa takardun da ke hannunmu ka duba, ba ka fito da ko falle ɗaya na banki ba. Ba a samu ukun ba, kuma kowa ya san dalili. Duk wanda ya tsaya, gari zai ji cewa da bashi mai ruwa ya rufa gidansa, masu sahun gaba a masallaci kuwa ba za su iya ba. Aka lamushe kuɗi aka goge baki. Ka koma rubuta wa mutane wasiƙu a bakin tasha, ana nuna 'ya'yanka ana cewa ɗiyan ɓarawo.

Ranar sadakar uku, Alhaji Maikuɗi mai manyan motoci ya gyara zaman rigarsa ya ce, "Allah shi gahwarta mishi, amma aikin gidan riba ba shi da kyawon ƙarshe." Alhaji, jika ɗari tara, wato sefa dubu ɗari tara, aka maido maka. Na san adadin, don a layi ɗaya muka tsaya ranar, kana ƙirgawa kana murmushi. Ba ka ji nauyin gawar da aka rufe ba, ba ka ji nauyin Mairo da ke bayan zana tana sauraronka ba. Wallahi na tsani wannan baki naka.

Ni ma ban fita ba, Labbo. Sau biyu ka zo mini. Na farko na ce jarabawa ta tsare ni. Na biyu na sa aka ce ba na nan, ina ɗaka ina jin ƙarar babur ɗinka har ta ɓace. Surukina limami ne, na ji tsoron bakinsa fiye da hakkinka. Bayan haka muka haɗu a kasuwa, ka gaishe ni, ka tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Shari'ar da ka shigar kan korarka ba ta mutu ba, Mairo ta ci gaba da ita, za a zauna ranar Litinin, 16 ga Afrilu. To ga shaida ta farko. Ni Maman Sallau na ci bashi mai ruwa na gina gidana, an cuce ni, an maido mini jika ɗari huɗu da goma sha biyu ta dalilin Labbo, kuma bai saci komai ba. Saura mutum biyu. In ba su fito ba, ina da sunayen ashirin da biyun nan, zan karanta su a gaban alƙali, gari na ji.

Allah ya jiƙanka, Labbo, ya yalwata kabarinka, ya wanke sunanka a can kafin mu wanke shi a nan. Allah ya raya babban ɗanka Umar da ƙannensa, ya ba dangi haƙuri. Mairo, ina yi miki ta'aziyya, amma ba zan roƙe ki gafara yanzu ba. Sai na fito daga gaban alƙali.

Maman Sallau, Tsarnawa