Karan Awon Sarki

Tambaya ya fi shekara arba'in yana haƙar kabari a Dutsin Gawo, wani gari tsakanin Tsafe da Bungudu. Manomi ne kamar kowa, yana da gonar dawa da 'yan awakinsa, amma in aka yi mutuwa ƙofarsa ake fara bugawa. Sunan nasa ma ban dariya ne, don ni dai ban taɓa jin ya tambayi kowa komai ba. Ko wa ya rasu ba ya tambaya. A miƙo masa karan da aka auna gawa da shi, ya saɓi dagi ya wuce.

Yana da doka guda da ya gada wurin ubansa. Karan awo ba ya komawa gida, ba a karya shi, ba a ƙona shi, tare da mai shi ake rufe shi. In ya kwana a waje, in ji shi, zai nemi wani mai tsawonsa. Limamin gari ya sha gaya masa wannan camfi ne, Tambaya ya ce haka ne malam, gobe kuma ya sake kwantar da karansa a gefen gawa.

Da kakar 1998 Sarkin Dutsin Gawo ya rasu bayan asuba. Kafin hantsi an kawo wa Tambaya kara, shi da abokin aikinsa Lukuman suka gama kabari a bayan fada, inda ake rufe sarakuna. Sai aka ce a dakata, manya na hanya. Abin ya ba shi haushi ƙwarai. Talaka kafin a gama kukan farko an rufe shi, amma ga Sarki a kan makara tun safe yana jiran mota.

Garin ya yi tsit irin wanda bai taɓa ji ba. An rufe kasuwa, an kashe injin niƙa, ko jaki bai yi kuka ba. Mutane dubbai zaune a ƙofar fada, ba ka jin komai sai tari. Shi kuwa yana tsugune a bakin kabari, karan a hannu, yana kallon inuwarsa tana gangarawa cikin ramin.

Sai bayan la'asar suka iso. Manyan ma'aikata daga Gusau, sarakuna da rawunansu, attajiran Kano, wani mawaƙi da ake ji a rediyo kullum, har da ɗan damben da ake sayar da hotonsa a tasha. Masu makoki suka manta da makokin, suka miƙe suna leƙe. Da aka sallaci gawa aka shigo da ita, kowane babba yana son a gan shi ya zuba ƙasa. Masu gadin baƙi suka dubi Tambaya, tsoho mai laka har gwiwa, suka tura shi waje da shi da Lukuman. Ya buɗe baki zai yi bayani, aka ce ya yi shiru ana addu'a. Yana jin ƙarar shebur ta bayan katanga, karan Sarki na hannunsa.

Kwana uku ya yi yana zuwa ƙofar fada don a bar shi ya binne karan a kabarin. Ana zaman makoki, motoci na shiga na fita, ba a barin kowa ya je bayan fada. Dogarin da ya san shi tun yana yaro ya ce ya yi haƙuri sai baƙi sun watse. Wani attajiri ma ya ɗauka bara yake, ya jefa masa sadaka. Abin da ya fi tsorata shi idonsa ne, don shekara arba'in ta koya masa awo. Duk wanda ya gifta sai ya ji ya gwada shi da karan: wannan ya ɗara da taƙi guda, wancan bai kai ba, wannan kuwa daidai. In ya ga mai daidai sai ya sunkuyar da kai har ya wuce.

A gida bayan rumbu yake jingine karan, ya hana kowa zuwa wurin. Bai gaya wa matarsa Lantana dalili ba, kuma wannan shi ne kuskurensa. Mutumin da ba ya tambaya, ba ya kuma ba da labari.

Rana ta huɗu ya fita da sassafe ba tare da karan ba, ya tafi neman dogarin. Aka dace, baƙi sun ragu, aka ce ya kawo. Ya dawo gida da sauri, ya tarar Lantana tana dama kunu, jikarsu Muzdalifa 'yar shekara biyar tana tsaye kusa da ita da ƙoƙo. Bayan rumbu babu komai.

"Lantana, ina karan da nab bari nan?"

"Wanga da ka jingine? Icce ya ƙare mani, na karya shi na hura wuta. Ga sauran can."

Rabi ya zama toka. Sauran rabin yana tsaye jikin bango, inda yarinyar take. Tambaya bai so ya duba ba, amma idon ya riga shi. Daga ƙasa har tsakar kanta, ko yatsa bai rage ba.

Ya ɗauki guntun. Ya yi tunanin gudu da shi fada, sai ya ga wannan guntu ba tsawon Sarki ba ne kuma, kabarin Sarki ba zai karɓe shi ba. Ya yi tunanin ƙara karya shi, sai ya tuna matar ɗansa tana goyo. Duk yadda ya rage shi, a kan ƙananan gidan zai sauka.

Ya je jikin darni ya zaro sabon kara dogo, ya ciro igiyar rama, ya ɗaure shi da guntun tamau. Sannan ya ce wa Muzdalifa ta je maƙwabta ta yi wasa. Ya tuɓe hula, ya kwanta miƙe a tsakar gida, ya haɗa ƙafafu, ya ajiye karan a gefensa. Lantana ta saki muciya, don ta san wannan kwanciyar.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Ɗauko wuƙa," ya ce. "Ki daidaita shi ga dudduge na, ki yanke inda kaina yat tsaya. Kak ki rage, kak ki ƙara."

Ta tsaya tana kuka, kunun yana ƙonewa. Shi kuwa yana kwance yana kallon sama. Can ta share fuska da bakin zane, ta durƙusa wajen ƙafafunsa ta fara awo.