Kokon Sadiku

Har gobe ba zan manta da ranar Larabar da na bi Rabi gidansu a Panshekara ba. Lokacin ina shekara ta uku a sashen koya wa yara cin abinci na wani asibiti kusa da Sharada. Aikinmu duba yaran da haɗiya ke yi wa wuya, mu gano kaurin abincin da ya dace da su, mu koya wa iyaye yadda za su ba su.

Rabi tana aikin safe a wani kamfanin roba a Challawa. Ɗanta Sadiku, mai shekara biyu, duk abu mai ruwa-ruwa sarƙe shi yake yi ya gangara huhu. Sau biyu ana kwantar da shi saboda limoniya. Likitanmu ya ce min, "Sista, in ya dawo na uku, robar hanci ta ba da abinci za mu sa masa."

Sati shida ina koya wa Rabi: koko mai kauri, yaro a zaune, cokali ɗaya sai ya haɗiye sannan a ƙara. A gabana ba ta kuskure, amma tari ya ƙi tafiya. Ni kuwa ga saurin fushi, na zazzage ta a gaban mutane. Abin da ta ce kawai, "Ki zo gida ki gani."

Da ta tashi aiki muka tafi. Muka tarar surukarta, Inna, ta kwantar da Sadiku a cinya, ta tsinka kokon da ruwa, tana yi masa ɗura da tafin hannu.

Na ce, "Inna, me ya sa kuka ƙara ruwa?"

"Haba 'yar nan! Yaron da ruwa ma ke sarƙewa, yaya zai yi da wannan tuwon naku? Babu tausayi?"

Rabi ta sunkuyar da kai. Ina ita ina gyara wa uwar mijinta?

Na dama sabo, na zaunar da shi, na ɗora yatsan Inna a maƙogwaronsa, na ba shi cokali ɗaya. Ta ji ya hau ya sauka, babu tari. Muka yi cokali biyar. Idonta ya ciko, ta ce, "Ashe ni nake shaƙe shi." Ta karɓi cokalin.

Duk Laraba daga nan, Inna ce ke goyo shi zuwa asibiti. Ba a sa robar ba.

Na ba Rabi haƙuri, kuma kunya ta ishe ni. Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, kafin ku koya wa uwa komai, ku tambaye ta wanda ke riƙe cokali idan ta tafi aiki.