Dawa Ta Tsira a Saman Gidanmu

Shekarar da Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni na yi hulu-mur, abin shan buɗa-baki na Sudan, a gidanmu da ke unguwar Rusaifa a Makka. Sana'ata gyaran mukayyif ce, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma har na haura arba'in ko koko ban taɓa damawa ba. Ƙannena mata suna aure a Jidda da Madina. Matata haihuwar Makka ce, subiya, abin shan mutanen nan, ta sani. Inna kuwa a Sudan ta girma, inda iyayenta suka yi shekaru a kan hanyar hajji, kuma ba ta buɗa baki sai da wannan jan abin sha mai zaƙi da ɗaci-ɗaci.

Tsakiyar Sha'aban ta kira ni.

"Ka sayo jar dawa a kasuwar Misfala. Ni zan faɗa, kai za ka yi."

Na jiƙa dawar kwana ɗaya, na tsane ta, na baza a kan buhu a saman gida, gefen tankin ruwa inda akwai inuwa, na rufe da wani jiƙaƙƙen buhun. Safe da yamma ina yayyafa ruwa. Ban sa rai da komai ba, domin dawar ta bushe ƙarau kamar tsakuwa. Rana ta uku na ɗaga buhun. Kowace ƙwaya ta fito da farin zare, saiwoyin sun sarƙe har sun kama buhun, da na ɗora tafin hannu sai na ji ɗumi yana tasowa. Na daɗe a tsugune. Baƙaƙen duwatsu sun kewaye unguwar, ko ciyawa babu a kansu, ni kuma ga gona a gabana.

Na ɗebo na kai wa Inna. Ta ce in tauna. Zaƙi ya cika mini baki kamar na rake, alhali ruwa kawai na ba dawar.

Muka shanya, aka niƙo. Ta sa na tuƙa garin dawa marar tsiro, ya yi kauri har muciya tana tsayawa a ciki. Da ya huce kaɗan ta ce in zuba garin tsiron in juya. Na ce ai gari a kan tuwo ƙara tauri zai yi.

"Juya dai," in ji ta.

Ina juyawa hannuna yana yin sauƙi. Kafin a kira la'asar tuwon nan ya narke ya koma ruwa-ruwa, ba tare da na ƙara ɗigon ruwa ba. Na kira matata ta gani, don kada in ce idona ne. Muka zuba citta, kirfa, hulba, habbatus-sauda, tsamiya da zoɓo, na rufe robar na ajiye a lungun kicin.

Kwana biyu bayan nan na dawo daga aiki da azahar na tarar murfin ya ɗaga. Ƙullun ya kumbura, kumfa tana fashewa a samansa, in ka kasa kunne sai ka ji kamar yayyafi a kan kwano. Wani kaifin wari ya bugi hancina. Ban taɓa ganin giya ba, amma na san daga hatsi ake yin ta, ga shi kuma hasumiyar agogon Harami tana kallona ta taga.

Na ɗebo a ludayi na tafi ɗakinta.

"Inna, ina tsoron kada in yi abin da bai halatta ba."

Ta sansana, ta taɓa da harshe.

"Tsami ne, bai wuce ba. Amma in ya kai gobe zubarwa za ka yi. Yau za a gasa, wuta ce ke tsayar da shi."

Na tambaye ta abin da ke motsa shi, tunda ban sa yis ba. Ta ce ta fi shekara sittin tana yi, kuma har yau ba ta sani ba. Ita dai takan yi bisimilla ta rufe.

Na ɗora faffaɗan farantin ƙarfe a kan gas. Matata ta turo keken Inna bakin ƙofa, Inna tana nuna mini da hannunta mai lafiya yadda ake shafa ƙullun ya yi siriri. Guda huɗun farko sun ƙone. Na biyar ya ɗago baƙi-ja, na ninke shi kamar wasiƙa. Ƙamshin ya bi matakala har wata tsohuwa da ke hawa na uku, wadda ba mu taɓa gaisawa ba, ta sauko ta ƙwanƙwasa. Ta ce tun da ta baro Sudan ba ta ji ana gasa shi ba. Ta karɓi wurina, ta gasa fiye da rabi, ita da Inna suna ta lissafa garuruwan da iyayensu suka yada zango.

Ranar ɗaya ga azumi na jiƙa shi tun hantsi, na tace, na sa sukari da ƙanƙara. Ya fito ja wur, haske na ratsa shi. Da aka kira magariba na riƙe wa Inna kofin ta sha, sannan na cika jug na hau da shi hawa na uku.