Gudumar Dalmar Baba Ɗalha

Duk Kankiya ba mai facin da aka raina irin Baba Ɗalha, kuma duk saboda gudumarsa. Ta dalma ce, shi yake narka dalmar cikin tsohon batir ya zuba a gwangwani. Kanta ya lotse kamar tuwon da aka taka. 'Yan acaɓa har tsayawa suke su yi mata dariya, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi.

Mahaifinmu a Kusada ya san darajarta. Yana da wata tsohuwar motar Ingila da ya saya tun yana akawu, wadda kowace taya noti guda ne ke riƙe da ita, babba, mai kunne biyu, sai an buga yake kwancewa. Ko a Kano ba a samun irinsa yanzu. Shekara talatin Baba Ɗalha na hawo babur ya zo ya duba tayoyin, bai taɓa barin ko ƙwarzane a kan noti ba. Da mahaifin namu ya rasu ma bai daina zuwa ba, don ya san Inna da motar take rage kewa. Duk Juma'a a cikinta ake kai ta garin Ƙofa gaida 'yan'uwa.

Sai ga yayana Abdullatif daga Abuja, da sanin komai a baki. Taya ta sace, na ce a kira Baba Ɗalha. Har ya iso ya durƙusa, Yaya ya ga gudumar ya fashe da dariya.

"Baba, wannan abin za ka taɓa motar da shi? Matsa ka gani."

"Abdu, bari mani," in ji Baba Ɗalha. "Ƙarfe shina cin ƙarfe. Kuma na wannan gefen ba nan yaka kwancewa ba."

Ina! Yaya ya ɗauko gudumar fasa dutse, ya yi ta ɗaure notin yana zaton kwancewa yake. A bugu na huɗu kunnen ya ɓalle. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Washegari ya koma Abuja, motar tana nan kan duwatsu, Inna ta daina bi ta wajen.

Ranar dai Baba Ɗalha bai yi faɗa ba, ni na yi. Ya tsinci kunnen a ƙasa, ya goge da rigarsa, ya miƙa wa Inna. Sannan ya nuna wa Yaya lotsattsen kan gudumarsa.

"Kowane tabo da kake wa dariya, na notin ga ne. Ita ta ɗaukar mashi."