Labule a Kan Ƙahon Yayana

Yayana wanzami ne. Shi ya gaji zabirar mahaifinmu, ni kuwa na kama koyarwa a firamare. Rumfarsa tana nan cikin Haɗejiya, ranar kasuwa kuma ya ɗaure zabira a bayan babur ya nufi Kafin Hausa.

Shekarar da ya sayi babbar waya ya matsa mini lamba sai na ɗauke shi bidiyo yana aiki, wai masu sayar da takalma ma suna talla a intanet, balle shi. Ana haka wani manomin shinkafa ya zo daga Auyo, bayansa ya riƙe saboda sunkuyon dashe. Muka nemi izininsa, ya ce a ɓoye fuskarsa, bayan kuwa a nuna wa duk mai so. Yaya ya kafa masa ƙaho huɗu, ya zuƙa, ya cire ya tsattsaga, ya mayar, baƙin jini ya taru. Na ɗora a shafinsa.

Kafin la'asar manhajar ta rufe bidiyon da wani labule mai ruwan toka, ga hoton ido an ja masa layi, ga Turanci a ƙasa wai abin da ke ciki zai iya tayar wa wasu hankali, mai son gani ya danna. Mutanenmu ba su tsaya karanta Turanci ba. A saninsu ba a rufe abin kirki. Washegari magana ta zagaye unguwa cewa wanzami ya saka abin kunya.

Inna ta aika a kira mu. Muka tarar da ita a zaure tare da Kawu, ƙanin mahaifinmu, wanda ke jan salla idan liman ya yi tafiya.

Kawu ya dubi Yaya ya ce, "An ce ka saka abin da Turawa da kansu suka ji kunya suka rufe."

"Kawu, wallahi ƙaho ne."

"Ƙaho? Mutanen da suka bar 'yan mata suna tiƙar rawa ko mayafi babu, su ne za su rufe ƙaho?"

Inna ta juya a hankali ta dubi Kawu.

Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Labari aka ba ni."

Na ce, "Kawu, ku yi mini izini in buɗe ku gani."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, amma ta bar ido ɗaya a waje. Na danna. Sai ga bayan mutumin Auyo, faffaɗa kamar faifai, da ƙahoni a tsaye. Ta sauke mayafin, ta karɓi wayar ta kai ta dab da hancinta.

Ta ce, "Wannan na ukun ai ya karkace. Mahaifinku ba zai taɓa kafa ƙaho haka ba."

Yaya ya fi jin zafin wannan maganar a kan duk zargin da aka yi masa.

Kawu ya ce shi bai ga haram ba, amma a faɗa masa dalilin rufewar. Na ce akwai mutanen da ke suma idan sun ga jini, don su aka yi. Ya ja carbinsa ya ce, "To, an kyauta musu. Amma ranar layya ina suke shiga?"

Ashe duk masu tsinuwar nan sun danna, wasu har sau uku. Satin nan bencin Yaya bai huta ba. Kowa ya zo sai ya ce wai wani ne ya nuna masa a wayarsa. Da na ce zan rubuta wa masu manhajar su cire labulen tunda ba a karya wata doka ba, sai Yaya ya damƙe hannuna ya ce kada in kuskura.

Bayan kwana biyu na ɗauke shi yana yi wa wani dattijo aski. Wannan ba a rufe shi ba, kuma babu wanda ya kula. Yaya ya wuni yana leƙa waya yana tsaki. Da yamma ya miƙo mini ita ya ce, "Rubuta musu. Ka ce askar ma tana da kaifi sosai."