Ɓerayen Baba Tela

Baba Tela ya shekara talatin da ɗoriya yana taka keken ɗinki. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya bar shago, ya hau da keken zuwa ɗakinsa a bene hawa na uku. Abokiyar zamansa ɗaya ce, wata kyanwa mai ruwan toka. Manaja yake kiranta, don ba ta tsinana komai sai sa ido a kan aikin mutane.

Manaja ba ta taɓa taka titi ba, ga ƙarfi ga zaman banza. Ta yage labule, ta warware zare tun daga ƙofa har banɗaki. Baba Tela ya sayo mata ƙwallo, ta kwana uku tana haukansa, a na huɗu ko kallon arziki bai samu ba. Sai ya nemo gwangwanaye huɗu. Ɗaya maɓallai a igiya, ɗaya gashin tsuntsu a bakin tsohon tef ɗin awo, ɗaya ƙwallon nan, na ƙarshe kuma ɓeraye da ya ɗinka da hannunsa ya cusa musu auduga. Kowane mako sai ya buɗe ɗaya ya ɓoye sauran a saman kabad. Kafin layi ya zagayo ta manta, sai ka ga tana tsalle kamar yau ta fara gani.

Amma tela ai ba ya zubar da ƙyalle, kuma nan aka samu matsala. Da ragowar yadin masu kawo ɗinki yake yin ɓerayen. Ranar da shugabar wata makaranta ta zo gwada koriyar rigarta mai furanni, Manaja ta kwana biyar tana farautar koren ɓera mai furanni. Baiwar Allah na juyi a gaban madubi, Manaja ta ga uwar ɓeraye ta kawo kanta har gida. Wayyo! Tsalle ɗaya ta maƙale a gindin rigar. Shugaba ta yi ihun da ko ɗalibanta ba su taɓa ji ba, ta fita da takalmi ɗaya a hannu.

Da yamma Auta, ƙaramar 'yarsa, ta iso ranta a ɓace.

"Baba, wannan shi ne na uku fa. Kyanwa za ta kore maka mutane kana ji kana gani? Ran Asabar zan zo in kai ta sito wajen Kawu, can akwai ɓerayen gaske."

"Haba Auta, laifina ne, ba nata ba."

"To ai kai ba za a kai ka sito ba."

Ya yi dariya, amma gabansa ya faɗi. Shekara shida ke nan, Manaja kaɗai ke amsa masa idan ya yi magana a ɗakin nan.

Ya zubar da tsofaffin ɓerayen kaf. Yanzu sai a nemo yadin da babu mai sake shigowa sanye da shi. Ya birkice ɗaki, duk ƙyallen da ya ɗaga ya san mai shi. A ƙarshe ya jawo akwatin marigayiya matarsa, wadda ita ta tsinto Manaja tana 'yar mitsitsiya. Ya ɗauko wani tsohon ɗankwalinta, ya daɗe riƙe da almakashi kafin ya iya yankawa.

Ran Asabar Auta ta zo da kwali. Baba Tela ya jefa sabon ɓeran tsakiyar ɗaki don ta ga an gyara. Manaja ta taho a guje, sai ta ja birki. Ta sansana, ta sake sansanawa. Ba ta kai masa farce ba. Ta jawo shi ƙirjinta, ta kwanta a kai tana gurnani.

Auta ta gane yadin. Ta ajiye kwalin, ta zauna a ƙasa kusa da kyanwar.

"Baba," ta ce, "in akwai saura, ka ɗinka mini ɗaya."